BINDIGA DA BAREWA: TARIHIN HALBI A ƘASAR MADARUMFA

 

Dalilin wannan rubutu shi ne wata tambaya da ta zo wa ƙungiya har sau uku tun bayan sallar layya. Masu tambayar duk ƴan ci-rani ne, kuma maganarsu kusan ɗaya ce. Sun ɗan tara kuɗi, suna so su sai wa tsoho ko ƙane bindigar halbi mai cin harsashi ɗaya, wadda ba ta da tsada, ko a riƙa samun naman barewa a gida kamar yadda aka saba a da. To, wace iri ce ta fi? Mun kai maganar gaban dattawa ranar taro. Aka yi ta muhawara har la'asar sakaliya, wasu na cewa a sayi ta maƙera, wasu na cewa ta Nasara. Wani tsoho kuwa ya yi dariya, ya ce a fara tambayar inda barewar take tukuna. Da aka rasa matsaya sai aka ɗora mana aikin bin tarihin abin daga tushe. Mun zauna da tsofaffin mahalba, mun kuma duba abin da ke rubuce, ga abin da muka samo.

ZAMANIN KWARI DA BAKA

Halbi a ƙasar nan gado ne, kamar ƙira da su da rini. Ba kowa ke tashi ya ce shi mahalbi ne ba. Yaro kan fara bin ubansa daji yana ɗaukar masa gora, ya koyi sawu, ya koyi iska, ya san inda gada ke kwana da lokacin da barewa ke fitowa kiwo, kafin a damƙa masa baka. Makamin asali shi ne kwari da baka, kibiya kuwa a shafe take da dafin kwankwani. Mahalbi kan ɗaura kan burtu a goshi, ya duƙa yana tafiya yana kaɗa kai kamar tsuntsun, har ya kusanci garke ba su ankara ba. Wannan dabara ta nuna mana abu guda: ƙarfin mahalbin da yana ga haƙurinsa da sanin dajinsa. Makami abin ƙarasawa ne kawai.

Dajin ma yana da doka. Da damina a rufe yake, ba a halbi, domin lokacin ne namun daji ke haihuwa. Sai an gama kaka an yi buɗin daji, sa'an nan sarkin dawa ya ba da izini a fita farautar gayya da karnuka da sanduna da ganga. Dattawa sun shaida mana cewa abin kunya ne mutum ya kayar da mai ciki ko mai shayarwa, kuma in aka kashe babban nama akwai rabon mai gari, akwai na sarkin dawa, akwai na wanda ya fara sa kibiya. Wani masani Bafaranshe mai suna Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a kwarin Maraɗi, ya rubuta bayanin buɗin daji da sana'o'in gado a littafinsa na 1975. Musulunci ya kawar da abubuwan tsafi da ke cikin bikin, alhamdu lillahi, amma hikimar hutar da daji da ke cikinsa ba ta saɓa wa addini ba.

Akwai kuma wani abin da ya tsare namun daji wanda ba mu cika tunawa da shi ba, watau yaƙi. Bayan da mutanen Shehu Usmanu suka ci Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yo arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi wajen 1819. Daga nan har ƙarshen ƙarnin, tsakanin Maraɗi da Katsina ba zaman lafiya. Ɗan Baskore, wanda ya yi sarauta daga wajen 1852 zuwa 1875, ya yi ta kai hari kudu, su ma suna ramawa. Saboda haka mutane suka tattaru cikin garuruwa masu ganuwa ko shinge, ba mai yarda ya yi gona nesa da gari. Ƙasar da ke tsakani ta koma kurmi. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina a watan Janairu 1851, ya kuma ba da labarin yadda ayari ke ratsa dajin da tsoro. Dajin da ɗan Adam ke tsoro kuwa shi ne aljannar giwa da ɓauna da gwanki da kanki da mariya. Ƙasarmu tana bakin wannan daji ne, ga tabki, ga gulbi, shi ya sa kakanninmu suka ga abin da suka gani.

YADDA BINDIGA TA ISO

Kalmar bindiga daga Larabci muka aro ta, wannan ma ya nuna hanyar da ta fara biyowa, watau ta hamada. A ƙarni na 16 Mai Idris Alauma na Barno yana da ƴan bindiga. Tarihin Kano ya ce an kawo bindigogi zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, kuma Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye ƴan bindiga masu tsaron sarki. Wata hanyar kuma ita ce ta kudu: Turawa masu ciniki a bakin teku suna sayar da dogayen bindigogi masu ƙanƙara, fatake na haurowa da su ta Nufe. A nan kusa da mu, Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ne ya fi kowa tara bindigogi, har ana zuba masa igwa ana haɗa albarushi a cikin Zindar.

Duk da haka, a yaƙe-yaƙen Maraɗi da Katsina doki da mashi da baka su ne gaba. Bindiga kayan sarki ce, bayin sarki ke riƙe ta, kuma sau da yawa ƙararta da hayaƙinta sun fi harsashinta aiki, domin suna firgita dawaki. Talaka mahalbi bai isa ya mallake ta ba sai ɗaiɗai. Mahalban giwa su ne suka fara cin moriyarta sosai, suna ɗura mata sango mai dafi a maimakon dalma, domin haure yana da kasuwa wurin fataken Arewa.

DOKAR NASARA

A shekarar 1890 ƙasashen Turai suka yi taro a Burusel, suka sa hannu a kan wata yarjejeniya da ta hana sayar wa baƙar fata bindigogin zamani a mafi yawan Afirka. Abin da aka bari a sayar mana shi ne bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Sun ce don hana cinikin bayi ne. Amma shekara 9 bayan haka, a 1899, da rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni ta nufo ƙasar Tasawa tana kisa, kowa ya ga wanda dokar ta amfana: su da bindigogin zamani, mu da baka da ƴar toka.

Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka bar Maraɗi a hannun Faransa, Katsina a hannun Ingila, tsakanin 1906 da 1908 kuma aka bi aka kafa alamomin iyaka. Daga nan bindiga ta zama abin takarda. Nasara ya raba ta gida biyu: ta gargajiya mai ɗuri ta baki, da ta zamani mai cin harsashi ta gindi. Ta farkon ana bari a riƙe in an rubuta ta an biya haraji. Ta biyun sai da izinin kwamandan, kuma galibi sarakuna da ma'aikata da manyan ƴan kasuwa da tsofaffin sojan da suka dawo daga yaƙin Turai su ne ke samu.

To, a nan ne maƙeranmu suka shigo. Da ma su ke gyaran bindigogin fatake, sannu a hankali suka koyi ƙera su gaba ɗaya. Ita ce muke kira bindigar toka, wasu su ce baushe, masu ba'a kuma su ce harba-ka-ruga, domin in ka halba sau ɗaya ba ka samu ba, kafin ka sake ɗuri abin da ka halba ko ya tsere ko ya iso kanka. Amfaninta a fili yake: ba ta da tsada, in ta lalace maƙeri na nan cikin gari, kuma ba ta bukatar harsashin kanti. Aibinta ma a fili yake. Ba ta cin nesa, sai mutum ya matso kamar mai baka. In iska ta yi laima albarushi ya ƙi tashi. Mafi muni kuwa, ƙarfen bakinta ba don wuta aka yi shi ba, sau da yawa guntun famfo ne ko ƙarfen tsohuwar mota, kuma ba wanda ya gwada ƙarfinsa. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san wani mai yatsa uku ko mai ido ɗaya ta dalilinta. Cikin dattawan da muka zauna da su akwai wanda ya buɗe mana tafin hannunsa na hagu, ya ce shekara 40 ke nan bai sake riƙe hauya daidai ba, saboda zabon daji guda.

ƳAR FARANSA MAI HARSASHI ƊAYA

Bindigar da masu tambayarmu ke nufi tana da nata tarihin. A birnin Santetiyan na Faransa akwai kamfanin Manufrance, wanda ke sayar da kaya ta hanyar aika kundin hotuna. A 1908 ya fito da wata bindigar halbi mai baki ɗaya da ake kira Simplex, a 1913 kuma ya fito da mai baki biyu, Robust. Simplex ta bazu ƙwarai a ƙasashen da Faransa ta mallaka, domin ba ta da kayan ciki da yawa, tana jure ƙura, kuma ita ce mafi arha cikin na Turai. Karya ta ake yi a sa harsashi guda, a halba, a zare kwanso, a sa wani. Daga baya ƴar Rasha mai suna Baikal, ita ma mai baki ɗaya, ta shigo kasuwannin Afirka ta Yamma. Shi kuwa tsohon kamfanin Manufrance ya durƙushe a shekarun 1980, don haka duk tsohuwar Simplex da aka nuna muku a yau ku sani ta sha hannu, kuma da wuya ba a yi mata ƙari da ƙarfen maƙera ba.

Ya kamata a gane cewa wannan bindiga ba ta kawo sauyi da ƙarfinta kaɗai ba. Abin da ta yi shi ne ta raba halbi da gado. Da, sai wanda ya yi shekaru yana koyo ke iya kawo barewa gida. Yanzu duk mai kuɗin harsashi ya zama mahalbi, ko bai san sawun gada ba, ko bai taɓa jin sunan sarkin dawa ba. Da fitila mai batir ta zo sai aka shiga halbin dare, a haske idon dabba ta tsaya cak a kayar da ita, mai ciki ce ko mai goyo ba a dubawa. Da mota ta zo sai manya daga birni suka riƙa korar barewa a fili har ta gaji ta faɗi. Hausawa na cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma waɗannan sun ci ba su yi gudun ba.

INA BAREWA TA TAFI?

A nan ne dattawanmu suka rabu biyu, kuma mun ga ya dace mu kawo maganar kowane ɓangare. Wasu sun ce bindiga ce ta cinye daji. Tsofaffin mahalba kuwa suka ƙi, suka ce gatari da hauya sun fi bindiga kisa, domin bindiga dabba ɗaya take kashewa, gatari kuwa gidan dabbobin duka yake rushewa.

Tarihi ya ba mahalban nan gaskiya mai yawa. Da yaƙi ya ƙare, mutane suka fito daga ganuwa suka yi ta kafa tungaye a inda da ba mai iya kwana. Gyaɗa ta zo, haraji kuma sai da kuɗi, kowa ya faɗaɗa gona. A 1962 aka kafa SONARA don cinikin gyaɗa, shekarun da suka biyo baya kuwa su ne ganiyar nomanta. A 1960 mutanen Nijar duka wajen miliyan 3 ne. Ƙidayar 2012 ta sami fiye da miliyan 17, jahar Maraɗi kaɗai tana da miliyan 3 da dubu 400. Saura ta ƙare, gona ta haɗu da gona. Ga kuma farin 1973 da na 1984, shekarar da muke kira El-Buhari, lokacin da yunwa ta sa duk abin da ke motsi a daji ya shiga tukunya, itacen daji kuma ya hau jakuna da amalanke zuwa Maraɗi. Wajen 1990 aka gama madatsar ruwa ta Jibiya, gulbi ya rage malala a fadama.

Amma mu a namu gani, masu zargin bindiga ma ba su yi ƙarya ba. Gona ce ta matse namun daji ta tara su a ƴan wurare kaɗan, kamar Baban Rafi da gandun dajin Madarumfa, bindiga da fitila kuma suka bi su can suka ƙarasa. Iyayenmu sun ga giwaye suna shigowa Baban Rafi daga Nijeriya a shekarun 1980, har suna ɓarna a gonaki. Mu da aka haifa daga baya labari kawai muka ji. Yaran da muke koyarwa a lakwal sun san karin maganar nan cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma da muka tambaye su wa ya taɓa ganin barewa a daji, ba wanda ya ɗaga hannu. A littafi suka san ta, kamar yadda suka san jirgin ruwa.

Hukuma ta farga, ko da yake a makare. A shekarun 1970 farauta a rufe take a dokance a Nijar baki ɗaya, haka ta zauna har cikin shekarun 1990. A watan Mayu 1984, zamanin Seyni Kunce, aka yi babban taron yaƙi da hamada a Maraɗi. Ranar 29 ga Afirilu 1998 aka kafa doka mai lamba 98-07 da ta tsara farauta da kare namun daji, wadda ta sa halbi ya zama sai da takardar izini. A 2006 aka sa tabkinmu da gandun daji da kaburburan waliyyai 99 cikin jerin wuraren da Nijar ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Wannan abin alfahari ne, kuma nauyi ne a kanmu.

BINDIGA TA SAKE MA'ANA

Akwai maganar da ba a rubuta cikin tambayoyin ba, amma kowa a wurin taro ya san tana ƙarƙashi. Cikin shekarun nan ɓarayin daji masu satar shanu da mutane sun addabi ƙauyukan iyaka, daga wajen Gabi har Ɗan Isa, kuma dajin da kakanninmu ke shiga neman nama shi ne ya zama maɓoyarsu. Ɗan ci-rani da ke kwana da tunanin tsohonsa ba laifi ba ne in ya yi tunanin bindiga. Mu ma muna kwana da wannan tsoro.

Sai dai tarihin da muka bi ya riga ya ba mu darasi tun 1899. Mai harsashi ɗaya ba ya tsayawa gaban mai harsashi 30. Bindigar halbi a ɗaka ba ta korar mai Kalashnikov, ta kan zama dalilin da zai sa ya fara da gidan. Wanda jami'an tsaro suka samu da ita ba takarda kuwa, zai sha wuyar bayyana cewa shi ba ɗan daji ba ne, kuɗin da za a kashe wajen fitar da shi kuma ya ninka kuɗin bindigar. Maganar tsaro magana ce ta gari duka, tare da mai gari da hukuma. Ba kayan tsaraba ba ce da za a aiko a cikin buhu.

AMSARMU GA MASU TAMBAYA

Kun tambaye mu wadda ta fi arha. In kuɗin saye kawai za a duba, ta toka ce, amma araha ba ta ado, kuma ba mu yarda ɗan ƙungiya ya sai wa ubansa abin da zai iya raba shi da hannu ba. In lafiyar mai halbi za a duba, ta kamfani mai baki ɗaya ta fi, muddin sabuwa ce ko wani masani ya duba ta. Amma ku yi lissafi duka: kuɗin bindiga, da takardar riƙe makami, da takardar farauta, da harsashi. Sa'an nan ku ɗora abin da za a samo a ɗaya gefen ma'auni: zomo, da fakara, da zabon daji in an yi sa'a. Barewa ba ta cikin lissafin. Wannan kuɗi in aka sa shi a tumakin kiwo, ko injin ban-ruwa a lambun bakin tabki, ko komar kamun kifi, naman da zai kawo gida a shekara ya fi na bindiga nesa ba kusa ba.

Wanda halbi gadonsa ne, ba mu ce ya bar gadon gidansu ba. Ya je wurin ma'aikatan daji da hukuma ya yi takardunsa kafin ya saya, kada ya saya a ɓoye a kasuwar iyaka. Ya riƙe dokar kakanninsa, ya bar damina, ya bar dare, ya bar mai ciki. Ya ajiye bindiga ba ɗuri, inda yara ba su kaiwa.

Muna da dalilin sa rai. Tun daga 1983 manoman jahar Maraɗi suka soma barin tsiron itatuwa a gonaki suna sassabe su a maimakon tumɓukewa, yau ga gawo da kalgo da sabara sun dawo a inda da fili ne fetal, har mutanen wasu ƙasashe na zuwa koyo. In itace ya dawo da hannunmu, zomo da zabo za su ƙaru, wataƙila wata rana jikokinmu su ga gada a bakin gulbi.

A ƙarshe ƙungiya na roƙon duk gidan da ke da tsohuwar bindiga, ko kwari, ko kan burtu, kada a sayar wa ƴan gwangwan. A sanar da magatakarda mu zo mu rubuta tarihinsu daga bakin masu su tun suna raye, domin mahalban da suka ga ɓauna da idonsu ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Wanda ya ga kuskure cikin abin da muka rubuta, musamman iyayenmu, ya gyara mana, za mu buga gyaran a fitowa ta gaba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo mana zaman lafiya a iyaka, ya maido da matafiyanmu gida lafiya. Amin.

Wassalam.